Gurjiya

Gurjiya, ko gujiya, sunan wani ɗan uwan wake ne mai yin 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Masana na kiran shukar Vigna subterranea, kuma asalinta Afirka ta Yamma ne. Ita kuwa gyaɗa baƙuwa ce, Turawan Fotugal suka kawo ta daga Kudancin Amurka wajen ƙarni na 16. Ga alama tsohon sunan 'yar gida aka ara wa baƙuwar, shi ya sa ma'anar ta rabu biyu. A Kano gurjiya daban, gyaɗa daban. A ƙasar Maraɗi kuwa, kamar kasuwar Cadawa, idan aka ce gujiya galibi gyaɗa ake nufi. Akwai kuma sunan ƙwaruru, wanda bai da wannan ruɗani.

Bambancin yana da muhimmanci ga masu tattara iri, domin mai bincike na iya tambayar gujiya a miƙo masa gyaɗa. Yawanci mata ke noman gurjiya, kuma tana jure fari da ƙasa maras ƙarfi. Cibiyar IITA ta Ibadan na adana nau'o'inta kusan 2,000.