Tarihin dokar kare yara a ƙasarmu

A da idan aka cuci yaro maganar ba ta wuce zauren gida. Maƙwabci ya gani, ya ce ba ruwansa. In abin ya yi tsanani a kai wa mai gari, ya yi sulhu, a rufe. Yau zan ba ku tarihin yadda doka ta shigo cikin wannan magana.

A 1990 ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta haƙƙin yara. A 1999 gwamnati ta kafa alƙalan yara. Aikinsu biyu ne: shari'ar yaron da ya yi laifi, da kare yaron da ke cikin haɗari. A 2003 aka yi dokar da ta ce bautar da mutum babban laifi ne, ɗaurinsa shekara 10 zuwa 30. Dokar ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta ikon kai ƙara.

Amma doka a takarda ba ta ceton kowa sai an yi magana. Ga abin da ya faru nan wajenmu.

A ƙasar Ƙonni da Illela da Madawa an san wahaya: ɗiya da ake saye a kai gida, ba sadaki, ba ɗaurin aure. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani kan kuɗi jika 240, tana da shekara 12. Ta yi shekara 9 tana aikin gida da na gona, tana shan duka. Mutane suna gani. A 2005 maigidan ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce matarsa ce, ba za ta tafi ba. Ta kai ƙara Ƙonni, ƙungiyar Timidria ta tsaya mata. Alƙali na farko ya ba ta gaskiya, na biyu ya soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, a 2007 aka kai ta gidan kaso, wai ta yi aure kan aure.

Ba ta fasa ba. Ta kai maganar kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, lokacin Nijar tana cikin wannan ƙungiya. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke hukunci a Yamai. Ta ce an bautar da Hadijatu, kuma alƙalin da ya ji maganar bauta bai kamata ya yi shiru ba. Aka ce gwamnati ta biya ta miliyan 10. A 2019 babbar kotun ƙasarmu ta ce wahaya ba aure ba ne. A shekarar nan kuma gwamnati ta ba da umarnin kafa kwamitin kare yara har cikin ƙauyuka.

To, ɗan'uwa na Malbaza ko Illela, in ka ga ana azabtar da yaro, ko an sayar da ɗiya, ko an yi mata fyaɗe, kada ka jira shekara 9. Ka gaya wa mai gari ko kwamitin garinku. In ba su motsa ba, ka je wurin jandarma ko alƙalin yara. In akwai rauni a fara kai yaron likita, a karɓi takarda, don ita ce shaida. Ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.