Amsa-amo

Amsa-amo shi ne maimaituwar sauti iri ɗaya a ƙarshen ɗangwayen waƙa, ta yadda kunne zai ji wannan ɗango yana amsa wa wancan. Malaman da suka yi karatun waƙa ta hanyar Larabci suna kiran sa ƙafiya. A rubutacciyar waƙar Hausa yawanci gaɓar ƙarshe ce ke ɗauke da shi, wato baƙi da wasalinsa, kamar "ya" a cikin duniya, tafiya da lafiya.

Ire-irensa

Manazarta sun kasa shi gida biyu. Babban amsa-amo, ko amsa-amon waje, shi ne wanda ke zuwa a ɗangon ƙarshe na kowane baiti, kuma ba ya sauyawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ƙaramin amsa-amo, ko amsa-amon ciki, yana zuwa ne a sauran ɗangwayen baiti, kuma mawaƙi na iya sauya shi daga baiti zuwa baiti. A waƙa 'yar ƙwar biyar, ɗangwaye huɗu na farko su ke ɗaukar ƙaramin, na biyar ya ɗauki babban.

Waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur tana tafiya ne da "ya", Imfiraji ta Aliyu Namangi kuwa da "ba". Zaɓen gaɓa ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya ɗauke ta sai ya riƙe ta a baitoci masu yawa. "Ba" tana da sauƙin samu saboda da ita ake rufe jimlar korewa a Hausa, "wa" kuma saboda yawan kalmomi irin su dawowa da tsayawa. Sauƙin nan kan ja mawaƙin da bai goge ba ya yi ta cusa kalma don cike gurbi kawai, ko da ba ta ƙara wa ma'ana komai ba.

Amsa-amon kari

Hausa harshe ne mai karin sauti, saboda haka ɗangwaye na iya dacewa ta fuskar hawa da saukar murya ko da gaɓoɓinsu sun bambanta. Dalhatu Muhammad ya yi nazarin wannan a wata maƙala da ta fito a 1980.

Yadda ake gane shi

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Gari da ake zama a cikinsa da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma furucinsu daban. Don haka ido kaɗai ba ya isa. Ɗalibi zai karanta waƙar da murya, ko ya saurari rerawarta, sannan ya ja layi a ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowane ɗango ya ga wadda ke dawowa.

Ana bambanta amsa-amo da karangiya, wadda ita maimaita baƙi ɗaya ce a kalmomin da ke jere cikin ɗango, da kuma kari, wanda ya shafi jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi.