Tace ƙarafa masu guba daga ruwan sha da lantarki: abin da ya kamata mazauna Zango su sani

Ƙarafa masu guba su ne irin su dalma, zaiba, kadmiyom da asenik. Galibi ba sa sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa, kuma tafasawa ba ta raba ruwa da dalma ko asenik. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ko asenik su wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya, kadmiyom kuwa 0.003. Dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara: a 2010 gubarta ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara.

A Ghana ana amfani da zaiba wajen haƙar zinare ta galamsey, wadda ta gurɓata koguna irin su Pra, Ankobra da Birim. A Accra kuma, an shafe shekaru ana ƙona tarkacen kayan lantarki a Agbogbloshie, a bakin kogin Odaw, kafin a rushe wurin a 2021. Ruwan famfon birnin na zuwa ne mafi yawa daga Weija da Kpong, amma idan ya ɗauke a Nima da Maamobi, sai a koma ga tanka, burtsatse da ruwan leda.

Yadda fasahar ke aiki

Ana tsoma farantan ƙarfe cikin tankin ruwa, a sakar musu lantarki mara ƙarfi. Farantin da ke gefe ɗaya sai ya riƙa narkewa a hankali, narkakken ƙarfen ya haɗu da iskar da ke cikin ruwan ya zama tsatsa. Gubar sai ta manne a jikin tsatsar, su dunƙule su kwanta a ƙasa, kamar yadda alif ke kwantar da laka. Daga nan a tace.

An gwada wannan a aikace. Tawagar Farfesa Ashok Gadgil ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta kafa irin wannan matata a makarantar Dhapdhapi, kusa da Kolkata a Indiya, mai iya cire asenik daga lita 10,000 a rana.

Iyakarta

Dattin da ya kwanta guba ne; zuba shi a kwata mayar da cutar ne cikin unguwa. Farantan na cinyewa, sai an riƙa sauya su. Tana buƙatar tsayayyar wuta, don haka inda ake fama da dumsor sai an haɗa da sola. Kuma ba ta maye gurbin kilorin wajen kashe ƙwayoyin cuta. Aiki ne na matatar unguwa, makaranta ko masallaci a hannun ƙwararre, ba na haɗawa a tsakar gida ba.

Matakin farko shi ne gwaji. Kwamitin unguwa na iya kai samfurin ruwan burtsatse Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ghana ko Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR a Accra. Mai sayen ruwan leda kuma ya duba lambar rajistar FDA a jikin ledar.