Tarihin Gasar Bidiyon AMV a Tarukan Masoya Anime

Anime shi ne sunan da aka san finafinan zane na ƙasar Japan da shi, AMV kuwa taƙaitaccen suna ne na gajeren bidiyon da mai kallo yake haɗawa da kansa, inda yake yanko gutsattsarin hotuna daga fim ɗaya ko fiye, ya jera su a kan waƙar da ba dominsu aka rera ta ba, har motsin hoto ya hau kan bugun kiɗa, ma'anar baiti kuma ta dace da abin da ido yake gani. Masu bin diddigin wannan fasaha sukan danganta mafarinta da shekarar 1982, lokacin da wani matashi ɗan Amurka, Jim Kaposztas, ya jona na'urorin bidiyo biyu, ya tsinto wuraren yaƙi daga shirin Star Blazers, ya ɗora su don ba'a a kan waƙar ƙauna ta mawaƙan Beatles mai suna All You Need Is Love.

Aikin a zamanin kaset ba na mai gaggawa ba ne. Mai tacewa yakan dakatar da na'urar da ke ɗauka, ya laluba a ɗaya na'urar har ya sami wurin da yake so, sannan ya saki su biyun a tare, kuma idan daga baya ya ga kuskure a tsakiya, gyaransa kan tilasta masa sake duk abin da ya biyo baya. Ga shi kuma duk kwafin da aka yi daga wani kwafin sai launinsa ya ƙara dusashewa. Wanda ya sha wannan wahala ba shi da inda zai nuna aikinsa in ban da ɗakin abokai, sai da manyan tarukan masoya anime suka kafu a Amurka: A-Kon a yankin Dallas a 1990, Anime Expo a San Jose a 1992, Otakon a jihar Pennsylvania a 1994, da Anime Weekend Atlanta a 1995. A zaurukan waɗannan taruka ne abin da ya faro da wasa ya zama sana'a mai ƙa'idoji da gwanaye.

Nauyin gasar yana wuyan mai shirya ta, wanda galibi ɗan sa-kai ne. Shi yake fitar da sharuɗɗa watanni kafin taro, ya karɓi ayyukan da aka aiko, waɗanda a zamanin kaset ta gidan waya suke zuwa, ya zauna da 'yan kwamitinsa su kalle su ɗaya bayan ɗaya, domin abin da ake aikowa ya fi ƙarfin sa'o'in da aka ware, dole a tankaɗe a rairaye. Sharuɗɗan da suka zama ruwan dare sun haɗa da iyakance tsawon bidiyo, da hana hoton da ke ɗauke da rubutun fassara ko tambarin gidan talabijin, da kiyaye abin da bai dace a nuna wa yara ba. Akan kasa waɗanda suka tsallake zuwa rukuni-rukuni, kamar na faɗa, da na tausayi, da na soyayya, da na barkwanci, a haɗe su a jere guda domin majigi. Jerin nan ma gwaninta ce da ba a cika yaba wa mai ita ba, don kuwa zauren da aka ɗura wa bidiyon baƙin ciki biyar a jere ba zai yi wa na shida adalci ba, shi ya sa masu shiryawa da dama sukan ajiye barkwanci zuwa ƙarshe. Bayan an kunna fitilu sai 'yan kallo su cike takardun ƙuri'a, alƙalai kuma su ba da nasu kyaututtukan daban, kuma sau da yawa zaɓin ɓangarorin biyu yakan sha bamban, saboda zaure yana bin abin da ya sa shi shewa, alƙali kuwa yana duban tsaftar yanka.

Taron Atlanta ya yi fice wajen magance wannan saɓani, inda ya ware gasar da masu shiga ne da kansu suke yi wa juna alƙalanci. An kuma ƙirƙiro karawar da ake kira Iron Editor, wadda aka kwaikwayo daga shirin girke-girke na Japan, Iron Chef: masu tacewa biyu suna zaune a gaban jama'a, an ba su sa'o'i biyu da wani abin da aka ɓoye musu sai a lokacin, kowa ya haɗa bidiyonsa a nan take.

Shigowar kwamfuta da faifan DVD a ƙarshen shekarun 1990 ta sauƙaƙa aikin, kafa dandalin AnimeMusicVideos.org a 2000 da bayyanar YouTube a 2005 kuma suka raba zauren taro da matsayinsa na kasancewa wuri ɗaya tilo da ake ganin waɗannan ayyuka. Gasar ba ta mutu ba, sai dai manufarta ta sauya, ta koma wurin tantance gwani a cikin dubban bidiyon da ke yawo a intanet, har wasu taruka suka fara sharɗanta cewa aikin ya zama sabo.

Batun haƙƙin mallaka kuwa bai taɓa warwarewa ba, tunda hoton da waƙar duk na wasu ne. Kamfanonin anime sun fi kawar da kai, ganin cewa bidiyon talla ce ta kyauta ga hajarsu, amma kamfanonin waƙa ba su da wannan sassauci: a 2005 kamfanin Wind-up Records ya sa aka cire daga dandalin AnimeMusicVideos.org bidiyon da aka yi da waƙoƙin Evanescence da Creed da Seether. Tun daga lokacin da YouTube ya soma amfani da manhajar da ke gano waƙa ta toshe bidiyo, yakan faru a nuna aiki a babban allon taro, a ba shi kyauta, alhali ba a iya kallonsa a YouTube ɗin.