KIƊAN GWAJI: DAGA DUWATSUN BIRNIN KUDU ZUWA FIYANON KANO

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, mu leƙa wani fage da marubutanmu ba su cika shiga ba, wato tarihin kiɗan gwaji. Kiɗa ne na mutanen da suka ƙi tsayawa inda malamansu suka tsaya, suka ce sai sun gwada abin da kunne bai saba ji ba. Turawa na kiran irin waɗannan mutane da kalmar Faransanci avant-garde, wadda asalinta kalmar soja ce, ma'anarta dakarun da ke sahun gaba. Tambayar da ta dame su guda ɗaya ce: mene ne kiɗa, kuma wa ya yanka iyaka tsakaninsa da hayaniya?

Kafin mu je Turai, bari mu fara daga gida. Duk ɗan Sara ko Gwaram da ya saba bin hanyar Birnin Kudu ya san manyan duwatsun da ke kewaye da garin. A jikin wasunsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai tsofaffin zane-zanen shanu, har da shanu marasa tozo, waɗanda ba irin na makiyayanmu na yau ba ne. Kusa da zanen kuma akwai duwatsu masu amo. Idan ka ɗauki ɗan dutse ka buga, sai ka ji ƙara kamar ta kuge, in ka matsa gefe ka sake bugawa, sai muryar ta canza. Wuraren da aka daɗe ana bugu har sun lotsa sun yi santsi. Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya bayyana wa masana na duniya labarinsu a wata maƙala da ya buga a 1956, kuma binciken ya nuna wuraren na da alaƙa da al'adun aure na mutanen yankin. A 1997 Catherine Fagg ta fitar da littafi sukutum a kan irin waɗannan duwatsu. To, mai karatu, riƙe wannan a ranka: mutanen da suka rayu a nan tun kafin kakannin kakanninmu ba su sassaƙa ganga ba, ba su ɗaura tsirkiya ba, kunne kawai suka kasa har suka gano kiɗa a cikin dutse.

Su kuwa Turawa, sun shafe ɗaruruwan shekaru suna rubuta kiɗansu a takarda, da ƙa'idoji masu tsauri a kan wane sauti ne zai bi wane. Mai kiɗa ya karanta ya buga, masu sauraro su zauna tsit, sai an gama a tafa. A farkon ƙarni na 20 wasu suka fara gajiya. A 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta takarda yana cewa tunda duniya ta cika da injuna da jiragen ƙasa da masana'antu, dole kiɗa ya karɓi ƙararsu. Ya ƙera wasu akwatuna masu hannun juyawa, wani na gurnani, wani na kuwwa, wani na ƙara kamar inji. Da ya kai su gaban jama'a a birnin Milan a 1914, taron da dambe ya tashi. A Biyana ta ƙasar Ostiriya kuma, a farkon shekarun 1920, Arnold Schoenberg ya fito da tsarin da ya daidaita sautuka 12 na kiɗan Turai, ya hana ɗaya ya zama sarki saura su zama fadawa. Kowane sai ya jira 'yan uwansa sun fito kafin ya sake fitowa.

Wanda ya fi kowa tayar da ƙura shi ne Ba'amurke John Cage. A 1940 a birnin Siyatil aka nemi ya yi wa wata mai rawa kiɗa, amma dandalin ya yi ƙanƙanta, ba zai ɗauki makaɗan ganguna ba, fiyano kaɗai ke akwai. Sai ya cusa kusoshi da tarkace a tsakanin wayoyin fiyanon, ta koma tana amo kamar taron ganguna da kuge. Ranar 29 ga Agusta 1952 kuma, a garin Woodstock na jihar Niyok, makaɗin fiyano David Tudor ya zauna gaban jama'a don gabatar da wani sabon aikin Cage. Minti 4 da daƙiƙa 33 bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, sai rufe murfi da buɗewa. Abin da jama'a suka ji shi ne iska a cikin bishiyoyi, da yayyafi a kan rufi, da gunagunin junansu. Manufar Cage ita ce babu wani abu wai shi shiru, kuma duk sautin da ka ba hankalinka ya zama kiɗa.

Na'urar ɗaukar murya ta buɗe wata ƙofar, kuma a nan ɗan Afirka ne ya riga shiga. A 1944 a Alƙahira, wani ɗalibi mai suna Halim El-Dabh ya ari na'urar da ke naɗar sauti a kan waya, ya ɗauki muryoyin mata a wajen zar, wanda ɗan uwan borinmu ne. Ya koma gidan rediyo ya dinga sarrafa muryoyin, yana ƙara musu amsa-kuwwa yana rage wasu sassa, har suka zama wani abu dabam. Sai bayan shekara 4, a 1948, Pierre Schaeffer na gidan rediyon Faransa ya naɗi ƙarar jiragen ƙasa, ya yayyanka ya harhaɗa ya mayar da ita kiɗa. Duk yaron da ke zaune gaban kwamfuta a situdiyo a Kano yau, yana yanko sauti yana liƙawa, jikan waɗannan mutane biyu ne ko bai taɓa jin sunansu ba.

Wani abin lura shi ne, da 'yan sahun gaban suka ƙure tunaninsu, wajenmu suka juyo. A 1970 Ba'amurke Steve Reich ya tafi Gana ya zauna gaban makaɗin ƙabilar Ewe, Gideon Alorwoyie, yana koyon yadda ganguna da yawa ke tafiya tare alhali kowace da inda take sa ƙafa. Zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman bayan 'yan makonni, amma a 1971 ya fitar da dogon aikinsa na ganguna wanda har yau ake karantar da shi a makarantun kiɗa.

Yanzu mu auna da namu. Cage ya sa kusoshi a fiyano, Ɗanmaraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Russolo ya ce ƙarar aiki kiɗa ce, matanmu kuwa sun daɗe suna lugude, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, a cilla sama a tafa a cafe, ba tare da an yi karo ba. Ƙwaryar da ake cin tuwo, in an kife ta a kan ruwa ta zama ganga, kuma da kiɗan ƙwarya Barmani Choge ta yi suna har ta rasu a 2013. Kalangu kuma, wanda Mamman Shata ya rayu da shi har 1999, ana matse tsirkiyarsa a hammata a sassauta, muryarsa ta hau ta sauka yadda karin harshen Hausa ke yi, har mai taken ya ji an kira shi ba a buɗe baki ba.

Sai dai kada mu yi saurin bugun ƙirji mu ce mu muka fara. Akwai bambanci. Su tawaye suke yi wa takarda da zauren kiɗa, da gangan suke neman su girgiza mai sauraro, ko da zai tashi ya fita. Mu kuwa ba mu taɓa gina wannan katangar ba balle mu rushe ta. Makaɗinmu yana da ubangida da zai faranta wa, ko sarki ko manomi ko mahauci ko amarya, kuma kiɗansa bawan waƙa ne, magana ce gaba. Shi ya sa kiɗa zalla, wanda babu baiti a kansa, bai cika samun kasuwa a wurinmu ba.

Duk da haka an samu wanda ya gwada. A Yamai, Mamman Sani Abdullahi ya sami wata fiyanon lantarki ƙirar Italiya a shekarun 1970, ya dinga zuba mata karin waƙoƙin gargajiya na Nijar, a hankali, cikin natsuwa, kusan babu murya. A 1978 ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa. Kwafi kaɗan aka yi, amma shekara da shekaru mutanen Nijar na jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, masoya kiɗan gwaji na duniya suka yi caa a kansa. Haka nan a 2008 Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa da harshen Buzanci, aka bi da muryarsa ta na'urar nan mai lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka bi wayoyin hannu suka ratsa Sahara, yau ga shi yana wasa a manyan biranen Turai da Amurka.

Wannan ya kawo mu kan fiyanon Kano. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar fim ta buɗe, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ta mamaye waƙoƙin fim. Dattawa suka ce an kashe kalangu da goge, an kwaso Indiya an jibge mana. Akwai gaskiya a kukansu, domin makaɗa da dama sun rasa abinci. Amma a ganina, abin da yaran farko suka yi gwaji ne na gaske. Ba su je makarantar kiɗa ba, sun zauna da akwatin da aka ƙera a Japan suna lalube har suka sa shi ya yi amo mai kama da kalangu da sarewa, suka haifar da wani sauti da duk inda aka ji shi an san na Hausa ne.

Matsalar ta zo ne daga baya, lokacin da gwaji ya zama sana'ar kwafi. Mu marubutan Kano da kewaye mun san wannan ciwon, don idan littafi ɗaya ya ci kasuwa, sai ka ga goma sun fito da irin bangonsa da irin labarinsa. Haka kiɗan ya koma: bugu ɗaya, murya ɗaya, sai dai a canza sunan masoyiya ko na ɗan takara. Na'urar da El-Dabh ya aro, yau wadda ta fi ta tana aljihun kowane saurayi, amma kaɗan ne ke tunanin naɗar wani abu da ita in ban da abin da suka ji wani ya yi.

Shawarata ga matasanmu masu situdiyo ita ce su fito waje da na'urarsu. Su je maƙera su naɗi amsa-amon guduma da uwar maƙera. Su zo kasuwar Sara ranar da take ci, su saurari kukan dabbobi da kiran dillalai da ƙarar awo. Su nemi tsofaffin masu shantu da garaya tun suna raye, su biya su haƙƙinsu, su zauna su koya. Su nemi izinin masu kula da duwatsun Birnin Kudu su naɗi amonsu, ba tare da sun lalata zane ko sun farfasa dutse ba, domin abin da ya fashe a can ba ya gyaruwa. Wataƙila kaset na farko ba zai sayu ba, kamar yadda na Mamman Sani ya jira shekara 35 kafin duniya ta waiwaye shi. Amma idan ba mu yi ba, wani zai taso daga wata ƙasa ya naɗa, ya sa sunansa, mu kuma mu saya da kuɗinmu.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba na baya basira. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.