Auna kalsiyam a cikin ƙwayoyin jiki da na'urar saitometa

Wannan hanya ce ta bin hawa da saukar kalsiyam a cikin ƙwayoyin jiki masu rai. Kalsiyam da ke wajen ƙwaya ya ninka na cikinta kusan sau 10,000, shi ya sa ɗan kwararowarsa ciki ke zama saƙo. Ana shayar da ƙwayoyin rini mai ƙyalli, irin Indo-1 da ɗakin binciken Roger Tsien ya fitar a Amurka a 1985, ko Fluo-3 na 1989, sai a koro su a ruwa ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza, na'ura tana auna ƙyallin kowacce don gane yawan kalsiyam da ke cikinta.

Amfaninta ga ƙasar Arewa, daga Dogondutse zuwa Tibiri, yana ga amosanin jini: shigar kalsiyam cikin jar ƙwaya na buɗe wata ƙofa da ake kira Gardos, fotashiyam da ruwa su fice, ƙwayar ta bushe ta ƙara lanƙwashewa. Masu sukar wannan hanya na cewa ƙwayar da ta wuce gaban lezar ba ta dawowa, madubin likita kuwa na bin guda har ƙarshe. Haka ne, amma jajayen ƙwayoyin mai amosani ba su zama ɗaya ba, kuma sai an duba dubbai ake gano tsirarun da kalsiyam ya yi wa yawa.