Injin mai layi uku a wutar gida: abin da ya kamata a sani kafin a saya

Tambayar nan ta yi ta zuwa mana daga matasanmu na Aubervilliers da na Lyon, musamman teloli da kafintoci: an samu tsohon keken ɗinki na masana'anta ko injin zarto da araha a Leboncoin, an kai gida, filogi ya ƙi shiga soket. Dalili shi ne injin na wuta mai layi uku ne, volt 400, wadda Faransawa ke kira triphasé. Yawancin gidajenmu kuwa layi ɗaya Enedis ke kawo musu, volt 230.

Kafin ku biya kuɗi, ku duba ƙaramin farantin ƙarfe da ke jikin moto ɗin injin, ku ɗauki hotonsa. In an rubuta 220/380 ko 230/400, akwai mafita. In kuwa 380/660 ko 400/690 kuka gani, ku haƙura da shi, ko ku shirya sauya moto.

Mafitar da muka fi yarda da ita wani ɗan akwati ne, a shago sunansa variateur de fréquence. Yana karɓar volt 230 na gida ya fitar da layi uku, amma su ma na 230 ne, ba 400 ba. Don haka sai an buɗe murfin moto an juya ƙananan ƙarafan nan uku daga haɗin tauraro (étoile) zuwa haɗin kusurwa uku (triangle). A nan mutane da yawa ke kuskure: injin ya tashi amma ba ƙarfi. Irin waɗannan akwatuna galibi iyakarsu kilowat 2.2. Kuma kada a sa makunni tsakanin akwatin da moto. Daga jikin akwatin ake kunnawa da kashewa. Bayan an cire filogi ma yana riƙe wuta na 'yan mintuna, kada a sa hannu ciki.

Akwai tsohuwar dabarar kwandansa, kimanin microfarad 70 ga kowane kilowat. Ta fi araha, amma injin na rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, kuma da kyar yake tashi in akwai nauyi a kansa. Ga kwampireso ba mu ba da shawararta.

Teloli su ne suka fi kowa sauƙi. A kwance tsohon moton da ke ƙarƙashin tebur, a ɗaura sabo na servo mai volt 230. Ba ya ƙara sai an taka, maƙwabta ma sun huta.

Mai babban inji ko injuna da yawa, ya nemi kamfanin da yake biyan kuɗin wuta ya tura wa Enedis buƙatar mayar da mita zuwa layi uku. Ana biya, kuma sai an sake tsara allon wutar gidan. Ɗan haya ya fara samun izinin mai gida a rubuce.

Muna roƙo, kada kowa ya taɓa mitar Linky da kansa. Injin ƙarfe dole ya samu wayar ƙasa da abin yanke wuta na 30 mA kamar yadda ƙa'idar NF C 15-100 ta tanada. Gidajenmu da dama a Aubervilliers tsofaffi ne, wayoyinsu ma haka, kuma in gobara ta tashi daga haɗin da bai bi ƙa'ida ba, inshora na iya jan ƙafa wajen biya. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba layin kafin a kunna.